Idan Rai Ya Ɓaci, Sai Turanci

Mutum ya wuni yana Hausa. Ya yi cinikin tumatir da Hausa, ya gaida surukinsa da Hausa, ya yi wa 'ya'yansa faɗa da Hausa. To, bari ɗan a daidaita sahu ya gogi motarsa a cunkoson Ƙofar Nassarawa, ka ji abin da zai fito daga bakinsa. Sai ya sauke gilashi, ya leƙo kai, hula ta karkace, ya ce, "Nansens! Situfid! Yu a beri situfid!" Shi kuwa yaron, da ko firamare bai ƙarasa ba, ba zai yarda a ci shi da Turanci ba. Sai ya waiwayo ya ce, "Yu tu!" ya murɗa ya yi gaba. Shi ke nan, magana ta mutu. Ba wanda ya fito, ba wanda ya naɗe hannun riga. Da a ce da Hausa Alhajin ya faɗi wannan maganar, ya ce masa babban sakarai, balle ya haɗa da uwa, da yanzu an tara jama'a, 'yan Karota na rabon faɗa.

Haka muke. Turancin da ke maƙalewa ranar intabiyu, wanda ke gudu idan an ce mutum ya rubuta takardar neman aiki, ranar faɗa da gudu yake zuwa, ba ko tuntuɓe. Kuma kowane rukuni da nasa kayan aikin. Ma'aikacin ofis yana da "rabish" da "yusles". Tsohon soja yana da "biladi sibiliyan", wadda yake faɗi har ga matarsa ta shekara talatin. Malamin makaranta yana da "dons" da "blok-hed". 'Yan mata kuwa ba sa ɗaga murya, sai su dubi takalminka su ce "lokal", ka tafi gida kana tunanin rayuwarka. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma haka suke yi, sai dai su Faransanci ke zuwa musu, ka ji "ambesil" ta fito ta hanci. Katsinawa ne kaɗai, a yi mini haƙuri, ba su da buƙatar aro. Nasu na gida ya ishe su har su sam wa maƙwabta.

Mun sha yin musu kan wannan a majalisarmu ta bakin teburin mai shayi, bayan isha'i, kuma ba a taɓa tashi baki ɗaya ba. Wani tela da ke zama da mu ya ce shi a ganinsa zagi da Turanci ba ya ɓata baki. Dattijo mai furfura, ɗan sahun gaba a masallaci, ba zai ɗura ashar a bainar jama'a ba, gobe da wane ido zai dubi mutane? Amma "nansens" sai ya faɗe ta sau goma, ya je ya yi alwala hankali kwance. Kamar cin tuwo da cokali ne, in ji telan: ka ci ka ƙoshi, hannunka bai taɓa miya ba.

Na yarda da shi, amma rabi. Duk wanda ya ce maka "idiyot" magana biyu ya faɗa. Ta farko, wai ba ka da hankali, wannan kuwa ko shi bai damu da ita ƙwarai ba. Ta biyu ita ce ainihin saƙon: ni na yi boko, kai fa? Shi ya sa da wuya ka ji an fara zagin na sama da Turanci. Masinja ba ya ce wa darakta "rabish", ko a bayan idonsa. In zai rama a zuci, da Hausa yake ramawa, tatacciya. Zagin Turanci daga sama yake gangarowa: daga mai mota zuwa mai babur, daga ma'aikaciyar asibiti zuwa matar da ta zo awo daga ƙauye, daga uwargida zuwa 'yar aiki. Na ƙasa iyakarsa ya mayar da "yu tu", in ma ya samu zuciyar.

Muna da wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya, kowa Malam yake ce masa. Ba ya shan shayi da madara, kuma ba ya barin magana ta wuce ba gyara. Shi ne ya ce mana, ai ko can gidan Turawa kalmomin nan daga sama suka gangaro, ba mu muka fara ba.

Mai shayi ya ce, "Allah gafarta Malam, to shi idiyot ɗin nan mene ne asalinsa?"

Malam ya ce, "Ɗana, kalmar Girkawa ce. A wajensu, mutumin da ba ya riƙe da muƙamin hukuma, yana harkar gabansa kawai, shi ake nufi."

Mai shayi ya ajiye buta ya ce, "Ashe duk nan mu ne, har da kai Malam tun da ka yi ritaya."

Aka yi dariya, amma Malam bai saki zaren ba. A hankali, in ji shi, kalmar ta koma nufin wanda bai yi karatu ba, daga nan ta gangara ta zama wawa. Kuma ba ita kaɗai ba. Kalmar "villain", wato mugun cikin labari, wanda yaranmu ke kira bos a fim ɗin Indiya, asalinta manomi ne mai aiki a gonar uban gida. "Boor", da suke faɗa wa mutum mara ladabi, manomi ne. "Churl" talakan gari ne wanda ba shi da sarauta. "Pagan" ma, a Latin mazaunin karkara take nufi kafin ta koma maganar addini. Masu alƙalami da tawada suna birni da fada, manoma suna gona ba mai rubuta nasu. Duk lokacin da ɗan birni ya rasa sunan da zai ba wa mugu ko wawa, sai ya ɗauki sunan manomi ya laƙaba masa. Shekaru suka yi ta tafiya, aka manta da manomin, zagin ya tsaya da ƙafarsa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai "dons", wadda suke rubutawa "dunce". Malaminmu na aji huɗu da ita yake buɗe darasin lissafi. Ashe sunan mutum ne, kuma ba ƙaramin mutum ba: John Duns Scotus, shehin malamin falsafa da ilimin addinin Kirista, mutumin Sikotilan, wanda ya koyar a Okusfod da Paris, ya rasu a 1308. Bayan kamar shekara ɗari biyu sababbin masana suka taso, suka ga mabiyansa sun kafe kan tsohon karatu, suka shiga yi musu ba'a da sunan malaminsu. Yau duk yaron da ya kasa haddace sau bakwai, sunan wannan shehi ake jifansa da shi. Mutum ya ƙare rayuwarsa kan littattafai, ladan da duniya ta ba shi sunansa ya zama daƙiƙi.

Sai kuma waɗanda suka fito daga asibiti. Nan ne Malam ya gyara zama, don abin yana ci masa rai, yana da jika da ba ta magana sosai. A 1910 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Henry Goddard, ya ƙirƙiro kalmar "moron" daga Girkanci, ba don zagi ba, don cika fam. A tsarin da suke bi lokacin, babban da tunaninsa bai wuce na ɗan shekara biyu ba shi ne "idiot", daga uku zuwa bakwai "imbecile", daga takwas zuwa goma sha biyu "moron". Likita ne ke rubuta su a kati, da hatimi. Kafin a ankara yaran makaranta sun kwashe su duka ukun sun kai filin wasa. Likitoci suka gudu suka koma "retarded", wai ta fi ladabi. Ita ma aka biyo ta aka kwashe. A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu kan wata doka da ta cire ta daga wasu dokokin tarayyar Amurka, aka sa wata sabuwa. A Ingila wata babbar ƙungiyar taimakon masu larurar shanyewar gaɓoɓi, da ke ɗauke da kalmar "spastic" a sunanta, dole ta canza suna a 1994 ta koma Scope, don yara sun mayar da kalmar zagi. Har a 2022 mawaƙa biyu, Lizzo da Beyoncé, sai da kowacce ta sake naɗar wata waƙarta don cire guntun wannan kalma bayan an yi musu ca.

Telan ya ce, "Yaya, to in haka ne ai ba ranar gamawa. Duk sunan da aka kawo sai an lalata shi."

Gaskiyarsa. Muddin ana raina mutumin, duk sunan da aka raɗa masa sai rainin ya bi shi ya kama. Mu ma mun shiga layin: daga gurgu da makaho da kurma muka koma nakasassu, yanzu a rediyo sai ka ji masu buƙata ta musamman. Alhali a garin nan Sarkin Makafi da rawaninsa yake, bai taɓa neman a canza masa suna ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna cikin yi wa Turawa dariya kan manomansu, wani ya tuna mana baƙauye da bagidaje da ƙauyanci, kalmomin da muke jifan juna da su alhali masarar da muke ci daga can ta fito. Ga kuma almajiri. Kalma ce mai daraja, daga Larabci, wanda ya yi hijira neman ilimi. Manyan malamai har yau in za su ƙanƙan da kai cewa suke su almajirai ne. Amma a jaridun Turanci na ƙasar nan ta zama sunan yaro mai roba a hannu, mu ma kuma in yaronmu ya yi dauɗa sai uwar ta ce, dubi yadda ka koma almajiri. Wannan kam ba Bature ya yi mana ba.

Abin da Bature ya bar mana shi ne "boy". Zamanin En'e, dattijo mai jikoki yana yi wa ɗan saurayin Di'o girki da wanki, sunansa "boy" har ya mutu. Muka karɓa muka ce boyi, har da boyi-boyi. Sun tafi tun 1960, amma je ka duba zanen duk wani sabon gida a Abuja ko Kaduna, sai ka ga ɗakuna biyu a baya an rubuta boskwata, wato wajen kwanan boyi. A ciki kuwa wa ke zaune? Ƙanen maigida mai digiri biyu. A Amurka kalmar nan ba abin wasa ba ce, don da ita fararen kudu suke kiran baƙar fata komai tsufansa. A 2006 har Kotun Ƙolin ƙasar ta duba ƙarar wasu baƙaƙen ma'aikata biyu na wani kamfanin sarrafa kaji a jihar Alabama, waɗanda manajansu ke kira "boy", ta ce kalmar ita kaɗai tana iya zama shaidar wariyar launin fata, gwargwadon yanayin da aka faɗe ta da muryar da aka faɗe ta da ita.

Kuma wa ya manta da banakula? Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san monita da 'yar takardarsa, yana laɓe yana jiran wanda zai yi suɓutar baki ya ce "wayyo" ko "don Allah". A rubuta sunanka, ranar Asabar ka yi yankan ciyawa ko ka biya tara. Harshen da ka sha a nono, wanda aka rubuta waƙoƙin wa'azi da shi da ajami tun kafin a kafa makarantar, shi ne laifin. Malam ya ce tushen kalmar banakula a Latin bawa ne da aka haifa a gidan ubangijinsa. Wani ya ce ai cucanawa ke nan. Malam ya yi shiru, don shi ma shekara da shekaru ya yi yana karɓar takardar monita.

Wani abin kuma da muka gano daga baya: mu ihun kawai muka aro. Bature ɗan asali, in zai wulaƙanta ka, ba ya cewa "nansens". Akwai ɗan maƙwabcinmu da ya yi karatu a Ingila, ya ce wata shida ya yi yana murna, duk shawarar da ya kawo malaminsa sai ya ce "interesting". Ashe nufinsa shirme ne, a wuce wajen. In kuwa aka fara maka magana da "with all due respect", wai tare da girmamawa, to ka tabbata ba sauran girmamawa a abin da zai biyo baya. Nan gida ma mun iya tamu: ɗan sanda ya ce maka "mai firen", ka san ba abota a ciki, ko babba ya ce wa mai shekara arba'in "yon man".

Majalisar dokokinsu ta Landan ita ce makarantar wannan sana'a. Doka ta hana ɗan majalisa ya kira ɗan'uwansa maƙaryaci a zauren, dole sai dai ya zagaya. Wanda ya ƙi zagayawa ana nuna masa ƙofa. A watan Afrilun 2016, lokacin badaƙalar takardun Panama, wani dattijon ɗan majalisa, Dennis Skinner, wanda asalinsa mai haƙar kwal ne, ya kira Firayim Minista David Cameron "Dodgy Dave", wato Dauda mai kumbiya-kumbiya. Kakakin majalisa John Bercow ya ce ya janye. Tsohon ya maimaita. Aka kore shi na ranar. Bayan wata ɗaya shi Cameron ɗin, yana hira da Sarauniya, kyamara na ɗauka, ya ce Najeriya da Afganistan ƙasashe ne "fantastically corrupt". Ka ji fa, cin hanci ne amma an haɗa shi da kalmar da ake yabon abinci mai daɗi da ita, murya a kwance, ba ko ɗaga gira. Shugaba Buhari da aka tambaye shi ya ce shi ba ya neman a ba shi haƙuri, a dawo da dukiyar da aka sace aka ɓoye a can. Wannan amsa kam, ko masu adawa da shi a majalisarmu ta mai shayi sun ce ta yi.

Abin mamaki, wannan dabara ta sassauta murya mu ne gwanayenta a gida. Wa ya kai mu habaici? Kishiya ta tsaya tana yi wa kaza faɗa a tsakar gida, duk gidan sun san ba kaza ake nufi ba, kuma ba mai iya kai ƙara. Ga gugar zana, ga gatse, ga shaguɓe, ga zambon mawaƙan fada wanda ake yi wa ɗan sarki a gabansa ba a kama suna ba, ya yi murmushin dole har ya ba da kyauta. Duk wannan dukiya muna da ita, amma da mun juya harshe zuwa Turanci sai mu koma 'yan koyo, kalma huɗu muke juyawa, jijiyar wuya a tashe.

Ba mu kaɗai ke aro ba, mu ma an ara daga gare mu, kuma ba a dawo mana da kayan yadda aka karɓa ba. Aboki. Kalmar da ba ta da ƙaya ko ɗaya. Ta sauka Legas ta shiga Turancin titi ta zama sunan duk wani ɗan Arewa mai wankin takalmi, mai gadi, mai ruwa, mai acaɓa, mai canji. Daga nan ta ƙara gangarawa, har Bayarabe ya ce wa ɗan'uwansa Bayarabe "kada ka zama aboki", wato kada a yi maka wayo. Malam ma, da muke tashi tsaye mu ba shi wuri, can sunan mai kanti a bakin get ne. Farfesa ya sa kaftani da hula ya sauka a tashar jirgi, wani yaro ya ɗaga masa hannu ya ce "aboki". Kada dai mu cika kuka, don mu ma muna da sunan da muke kiran Ibo da shi, wanda aka ce ya samo asali daga yadda suke roƙon ruwa da harshensu, kuma sun sha gaya mana ba sa so.

Wasu samarinmu sun ce mafita ita ce a rungumi kalmar, a rubuta ta a riga, a sa ta a suna a Facebook. Mawaƙin nan ɗan Jos, Ice Prince, har waƙa ya yi da wannan suna a 2012, yana kirarin manyan Arewa. Malam ya ce an taɓa yin haka ya yi aiki: "Tory", laƙabin jam'iyyar su Cameron ɗin, asalinta kalmar mutanen Ayalan ce ta ɗan fashi, abokan hamayya suka jefe su da ita, su kuwa suka ɗauka suka rataya, yau ta fi shekara ɗari uku a wuyansu. Telan ya ce wannan sai wanda ya ƙoshi. Mai kuɗi in ya kira kansa aboki ado ne, mai wankin takalmi kuwa ba a tambaye shi ba.

Mai shayinmu ya yi zaman Agege kafin ya dawo gida, sai muka ce shi ya raba gardama. Ya ce shi bai taɓa yin fushi da kalmar ba, muryar yake saurara. Akwai wanda zai ce "aboki" ka ji har cikin ranka abokin yake nufi, wannan ana cika masa kofi, a daɗa masa ƙwai. Akwai kuma wanda zai faɗe ta daga cikin mota, yana kaɗa maka yatsa.

Malam ya ce, "To shi wannan me kake ce masa?"

Ya ce, "Ba na cewa komai, Allah gafarta Malam. Madararsa dai ba ta wuce cokali ɗaya. Ran da kuwa ya zo neman bashi, sai in ce masa ba na jin Turanci."